Amsa ga ƙanenmu da zai ja tirela zuwa ƙauyen Kirfi

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: za ka ɗaura wa Hilux ƙaramar tirela mai taya biyu, ka kai injin casa da buhuna daga Bauchi zuwa wani ƙauye a ƙasar Kirfi, ba ka taɓa ja ba, ba ka san hanyar ba, kuma gabanka sai faɗuwa yake. Na daɗe ina jan irin wannan tirelar tsakanin Bauchi da Gombe, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Yawancin matsalar tun a wurin lodi ake ƙulla ta, kafin ma a tada mota. Nauyi ya zauna a kan tayoyin tirela, ya ɗan rinjaya gaba. Wajen kashi 60 cikin 100 na kayan ya kasance gaban tayoyi, ta yadda bakin tirelar zai danne ƙugiyar mota kaɗan. Injin casan shi za ka fara sawa, ka ɗaure shi ta kusurwa huɗu, buhuna su kewaye shi. Kada ka yarda 'yan dako su jibge maka buhu a can baya don ya fi musu sauƙin saukewa.

Ni haka ta faru da ni a tafiyata ta farko. Nauyin duk yana baya, ban sani ba. Na kusa Dindima, hanya ta ɗan gangara, sai wata tanka ta wuce ni da gudu. Iskarta na bugun mu, tirela ta fara rawa, dama da hagu, tana fizgar bayan motar. Ƙafata ta nufi burki. Allah ya sa akwai wani dattijon direba a gefena, ya ce, "Kada ka taka! Saki totur, riƙe sitiyari sosai." Na yi yadda ya ce, gudun ya ragu da kansa, rawar ta lafa. Muka tsaya, muka sauke kayan nan kaf muka sake jera su. Ka riƙe wannan da kyau: in tirela ta fara rawa, burki mai ƙarfi ko murɗa sitiyari don ka biyo ta ƙara mata rawa suke yi.

Kafin ka bar gida, ka tabbata ƙugiya ta kama, ka sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashinta, don ko ta kuɓuce bakin tirelar ya faɗa kan sarƙa, kada ya caki ƙasa. Duba wutar burki da sigina na tirelar. Safaya tayarta daban ce da ta mota, ka tafi da ita, da jak da sifanar da ta dace da notocinta, domin mai faci yana da wuyar samu idan ka bar kwalta. Bayan ka yi kamar kilomita 15, tsaya ka taɓa tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma idan hannu ba ya iya zama, boris ne ke neman giris.

A kan kwalta ni ba na wuce 60 zuwa 70. Masu hon su yi ta yi. In ka ga motoci sun taru a bayanka, nemi wuri mai faɗi ka ba su hanya. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba ka ninka ta, musamman in tirelar ba ta da burkin kanta. A gangara sauko da giya tun daga sama.

Daga Alkaleri in ka karya ka shiga hanyar ƙauye, lissafi ya sake. Tambayi 'yan acaɓa da direbobin tasha, su ne suka san kwalbatin da ruwa ya cinye da inda yashi ke riƙe mota, kuma ka tambayi ranar kasuwa don ka kauce mata. Duk wurin da ba ka yarda da shi ba, sauka ka taka da ƙafa. A yashi kada ka tsaya a tsakiya, kada kuma ka canza giya. A kwana ka buɗe sosai, domin tayar tirela tana yanke kwana ta ciki, nan ake taka shinge ko hatsin da aka shanya a bakin hanya. Shanu in sun fara tsallakawa, jira na ƙarshe.

Ribas kuwa, don Allah kada ka bari sai a ƙofar gidan mai gari, yara sun kewaye ka, za ka fara koyo. Nemi fili ranar Juma'a da yamma ka yi awa guda. Ɗora hannu a ƙasan sitiyari. Inda hannunka ya yi, can bayan tirela zai nufa. Murɗa kaɗan-kaɗan. In ta fara naɗewa, yi gaba ka miƙe ta ka sake. Ka tafi da mutum ɗaya da zai sauka ya duba maka baya, ku fita bayan sallar asuba don ku dawo da sauran rana. Allah ya kai ku lafiya.