Albam na biyu: amsar tambayar da ka yi mini daren Talata

Ɗana,

Daren Talata da muke rufe situdiyo ka yi mini tambaya ban ba ka amsa ba, domin mai adaidaita yana jira na a bakin Zoo Road, kuma na ga ranka a ɓace yake. Kwana biyu ka yi kana ɗora wa waƙar yarinyar nan kaya, goge da sarewa da ganga kala uku da amshi ninki huɗu, ni kuma na zo na kashe su duka cikin minti biyar, na bar murya da fiyano. Ka ce, "Oga, albam ɗinta na farko ya shiga gari, yanzu jama'a na jiran wanda ya fi shi. Ta yaya na biyu zai fi na farko muna rage kaya maimakon mu ƙara? Kuma wai ana iya yin albam ɗin da masana za su yaba, kasuwa ma ta karɓa?" Ba tambayar da za a amsa a tsaye ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Ka fara sanin abin da ya sa na biyu yake ba mawaƙi wahala. Albam na farko tarin shekaru ne. Waƙoƙin suna bayan littafin makaranta tun tana aji uku, ta rera su a bikin ƙawaye, ta ga wadda ta sa aka yi shiru da wadda aka ci gaba da hira, ta zubar da talatin ta zo mana da takwas. Ba wanda yake jiranta a lokacin. Na biyu kuwa cikin 'yan watanni ake so ta haife shi, tsakanin wannan biki da wancan, waya ba ta daina ƙara, kowa ya zama malami. Wannan ya ce a yi irin waccan da ta yi tashe, wancan ya ce a'a, a sauya salo kada a ce abu ɗaya ta iya. Sannan kuɗi ya shigo, kuma kuɗi in ya shigo situdiyo abin da yake fara saya shi ne hayaniya.

Akwai albam ɗin da nake so ka saurara da kunnen ma'aikaci. Na wata mawaƙiya ce 'yar Ingila, Adele, haifaffiyar Landan a 1988. Na farkonta, mai suna 19, ya fito a 2008, ya yi kasuwa daidai gwargwado, har ta samu kambun Grammy na sabuwar mawaƙiya a 2009. Wato tana matsayin da yarinyarmu take yanzu, an san ta, ana jira a ga ko dace ta yi. Na biyun, 21, ya fito a watan Janairun 2011 a ƙarƙashin kamfanin XL. Ya yi mako 24 a saman jadawalin Billboard na Amurka, mai jera albam-albam ɗin da aka fi saya, shi ne albam ɗin da aka fi saya a duniya a 2011, ya sake zama haka a 2012, an sayar da fiye da kwafi miliyan 30. A watan Fabrairun 2012 ta kwashi kambun Grammy shida a dare ɗaya, har da na albam ɗin shekara. To ka ga rabin tambayarka ta amsu, ana iya haɗa yabon masana da karɓuwar kasuwa.

Amma ba lissafin ne ya dame ni ba, yadda aka yi aikin nake so ka riƙe. Yawancin waƙoƙin ta rubuta su ne bayan rabuwarta da saurayinta, tana shiga situdiyo da zafin abin a ƙirjinta, ana ɗaukar gwaji, irin ɗaukar da muke yi don kada waƙa ta gudu kafin a zo yin ta gaske. Daga baya aka kai ta Malibu a Amurka wurin Rick Rubin, wanda yana cikin manyan masu haɗa kiɗa na duniya, aka tara makaɗa ƙwararru aka sake ɗaukar waƙoƙin cikin natsuwa da kayan aiki na gani na faɗa. Da aka zo zaɓe, kaɗan daga aikin Malibu ne suka shiga albam ɗin. A manyan waƙoƙin, gwajin farko aka koma wa. "Rolling in the Deep", wadda ta yi da Paul Epworth, muryar gwajin ce duniya take ji har yau, domin fushin da ta shiga da shi ranar bai sake dawowa ba. Ba wai Rubin bai iya aiki ba ne. Abin da ke cikin murya ranar da ciwo yake ɗanye, in ya wuce ya wuce, ko wane irin makirfo ka sa a gabanta.

Sai "Someone Like You", wadda ta rubuta da Dan Wilson. Murya ce da fiyano, shi ke nan. A lokacin kuwa gidajen rediyonsu cike suke da kiɗan rawa na kwamfuta, kowa yana ƙoƙarin ya fi wani ƙara. A watan Fabrairun 2011 ta tsaya a bikin kambun Brit a Landan, ita da mai fiyano kawai, ta rera ta, muryarta na rawa a ƙarshe, cikin 'yan kwanaki waƙar ta hau saman jadawalin Ingila. Ka nemi bidiyon ka kalla, ka lura da yadda babban zauren nan ya yi tsit.

Yanzu mu dawo kan namu. Ka tuna ranar da yarinyar nan ta zo da yayarta bayan la'asar, wuta ta ɗauke muka tayar da inji, ta shiga ɗakin murya ta yi waƙar mahaifiyarta sau uku? A ɗauka ta uku, a baiti na biyu, inda ta ambaci tabarmar sallar marigayiyar da har yanzu ba a naɗe ba, ta ja numfashi mai tsawo kafin ta shiga, kuma muryar ta ɗan tsage a kan kalmar ƙarshe. Na waiwaya na ga yayarta ta ja mayafi ta rufe fuska. Kai kana kallon kwamfuta, ka ga layin muryar ya kauce daga ma'auni, ka ga aibi. Da na buɗe aikinka ranar Talata, ka yanke numfashin, ka sa otatun, manhajar nan mai daidaita murya, ya miƙar da tsagewar, ka zuba goge a kai don ya ba da tausayi. Ka cire tausayin gaske ka sayo na kanti. Aikinka a tsabtace yake, ban ga kuskure ko ɗaya ba, amma na saurara har ƙarshe ban ji komai a jikina ba.

Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba. Na san hanyar domin na bi ta. Zamanin da ake buga faifan sidi, wani yaro ya yi albam na farko a hannuna da tsohuwar fiyano mai maɓalli biyu a mace, ya karɓu sosai. Da ya dawo yin na biyu na riga na sayi sabuwa mai sauti ɗaruruwa, na ce sai na nuna wa garin nan abin da na iya. Ba sautin da ban taɓa ba. Muka buga, muka kai Kasuwar Ƙofar Wambai, bayan wata biyu aka dawo mana da kwalaye ko buɗe wasu ba a yi ba. Wani dattijo mai shago ya ce da ni, "Kiɗan ya yi daɗi, amma me yaron yake cewa?" Yaron bai sake yin na uku ba. Har gobe in na gan shi sai na ji nauyi, domin waƙoƙinsa masu kyau ne, ni na binne su.

Maganar dattijon nan ita ce amsar ɗaya rabin tambayarka. Mu a nan Kano ba mu da jaridun da ke ba albam maki kamar Turai. Masananmu su ne malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ɗalibansu masu nazarin waƙa, da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyo, da dattawan da suka tashi da Shata da Ɗanƙwairo a kunne. Waɗannan kalma suke bi. Suna duba amsa-amo, suna duba azanci, suna duba ko Hausar ta zauna ko an murɗe karin kalma don ta shiga kiɗa. Kasuwa kuwa ita ce wayar hannu, da masu tura waƙa a Farm Centre, da lasifikar adaidaita sahu, da gidan biki, da matar aure da ke wanke-wanke wayarta a kan taga. Mutane suna ɗauka waɗannan biyun ba sa ga maciji, ni kuwa shekarun da na yi a kujerar nan sun nuna mini wuri ɗaya suke haɗuwa, wato a ji abin da mawaƙi yake faɗa, kuma a yarda da shi. Malami ba zai yi nazarin baitin da bai ji ba, matar nan ma ba za ta bi waƙar da ba ta kama kalmominta ba. Barmani Choge da ƙwarya ta cika gidajen biki shekara da shekaru. Shata kalangu ne da 'yan amshi.

Akwai kuma dalili na aiki tsantsa. Mu muna gauraya sauti a kan manyan lasifikoki a ɗaki mai soso a bango, amma cikin mutum goma da za su ji waƙar da wuya ka samu ɗaya mai irin kayanmu. Ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da kaurin ganga, tsakiyar sauti ta fi fitarwa, kuma nan ne murya take zaune. Goge da sarewa da amshin da ka ninka, duk a wannan tsakiyar suke neman wuri. A ɗakinmu kowa ya samu wajen zama, a waya kuwa turereniya suke yi, wadda ake turewa ita ce murya. Shi ya sa kullum kake ganina ina tura aiki cikin tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi, in fita bakin titi in tsaya inda motoci ke wucewa. In na ji kowace kalma a nan, aiki ya yi.

Kada kuma ka ɗauka cewa nake yi kowace waƙa a tuɓe ta. "Rolling in the Deep" ɗin nan ganga ce mai nauyi da tafi da 'yan amshi, sai dai duk suna bayan muryar suna tura ta gaba, ba wanda ya sha gabanta. Albam ɗin yarinyarmu ma dole ya samu waƙar da amare za su taka, in ba haka ba masu kiɗan biki ba za su waiwaye shi ba, kuma a yau da faifai ya mutu, biki da YouTube ne abincin mawaƙi. A waccan waƙar zan sake maka hannu ka zuba gangunanka. Ni kaina ba duk albam ɗin 21 nake yabo ba, akwai waƙoƙi masu sanyi a tsakiyarsa da suka yi kama da juna a kunnena. Kuma kada miliyan 30 ta ruɗe ka, bayan baiwar akwai kamfanoni masu ƙarfi da suka kai ta rediyo da talabijin na ƙasashe. Mu abin da ke hannunmu shi ne abin da ke fita daga ɗakin nan.

Wani abu ɗaya daga labarin Adele da ya shafe mu kai tsaye: a cikin shekarar da albam ɗin yake tashe, maƙogwaronta ya samu matsala, ta soke wasanni, aka yi mata tiyata a Amurka a ƙarshen 2011. Yarinyarmu tana yin biki uku a mako, ga ƙurar hunturu ta kusa. In ta zo ka ji muryar ta dushe, kada ka sa ta maimaita baiti sau ashirin kana cewa kwamfuta za ta gyara. Ka ba ta ruwan ɗumi, ka sallame ta, a sa wata rana.

Gobe ka zo da ƙarfe goma, kafin ta iso. Ka buɗe ɗauka ta uku ta ranar da aka tayar da inji, ka mayar da numfashin inda yake, ka cire otatun daga baiti na biyu gaba ɗaya. Ƙarar injin ta ɗan shiga makirfo, ka rage ta a hankali, amma in ka ga ragewar tana cin muryar ka bar ta haka. Gogen da ka yi ban goge shi ba, kashe shi kawai na yi. Akwai layi ɗaya a cikinsa, wanda yake sauka a hankali bayan amshi na ƙarshe, wannan ya yi kyau ƙwarai, kuma ni ban yi tunaninsa ba. Shi za mu bari, a wurin nan kaɗai. In ka gama ka tura a tsohuwar wayar, mu fita bakin titi tare mu ji.