Manyan kalmomi za su ƙara mini maki a insha'in Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, bana zan zana WAEC. Kullum ina haddace manyan kalmomi daga ƙamus ina cusa su a insha'ina, amma makina ya ƙi motsi. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙoƙarinki abin yabo ne, sai dai kin ɗora shi inda ba ya biya.

Dubi yadda ake rabon makin. Insha'in WAEC maki 50 ne, ana son kalmomi aƙalla 450. Abin da kika faɗa yana da 10, tsarin da kika bi 10, iya sarrafa harshe 20, kiyaye ƙa'idojin rubutu 10. Waɗannan 20 ɗin ne kike hari, amma mai duba takarda ba girman kalma yake aunawa ba, dacewarta da wurin yake kallo. Kalmar da aka ciro daga ƙamus ba a taɓa ganin ta cikin jimla ba, sau da yawa takan zauna a karkace. Ɗaliba ta rubuta wa ƙawarta wasiƙa ta ce za ta "commence" cin tuwo, alhali "start" ta wadatar. Ma'anar ba ta ɓace ba, amma kalmar ta taron gwamnati ce, an kawo ta cikin hirar ƙawaye.

Inda na fi jin takaici kuwa shi ne makin ƙa'idoji. Kowane kuskure rabin maki ake cirewa, don haka kurakurai 20 sun cinye goman nan kaf. Kuma ƙananan abubuwa ne: mantuwa da aya, fara sunan gari da ƙaramin baƙi, fara labari da shuɗaɗɗen lokaci a koma lokacin yanzu a tsakiya, da musanya p da f, wanda ke damun yaranmu Hausawa ƙwarai.

Ga tsari, ki ba kowane sakin layi batu ɗaya tak. Jimlar farko ta bayyana batun, sauran su kawo dalili da misali. In muhawara kika zaɓa, ki ɗauki ɓangare tun a gabatarwa, kada ki tsaya tsakiya. Tun zamanin Girkawa masanin falsafa Aristotle ya nuna cewa ana shawo kan mai sauraro da hujja, da taɓa zuciyarsa, da sa shi ya amince da mai magana. A jarrabawa hujjar ce kan gaba, domin hujjoji uku da aka warware sosai sun fi shida da aka ambata a gurguje.

Kada ki ajiye ƙamus, amma ki canza hanya. Ki riƙa karanta jaridar Turanci, duk sabuwar kalmar da kika tsinta ki kwafe ta tare da jimlarta, sannan ki gina taki jimlar ki nuna wa malaminki. Ranar jarrabawa kuma ki ware minti biyar na ƙarshe ki bi rubutunki layi-layi, kina duba aikatau da alamomin rubutu kaɗai.