Yaya, yaron nan ba roƙo yake ba

Yaya na ga saƙonka kan bidiyon ɗanka da aka turo maka, da malafa da jita yana waƙa da Turanci, har kana tambaya ko haka muke barin yara su koma roƙo a Amurka. Wallahi kalmar nan ta tsaya min a rai, kwana biyu ina juya ta.

Waƙar kaboyi yake yi. E, kaboyin da muke gani a silima muna yara, amma ainihinsu makiyaya ne ba 'yan harbe-harbe ba. A 1867 suka fara kora shanu daga nan Texas har Abilene ta jihar Kansas inda ake loda su a jirgin ƙasa, tafiyar wajen wata biyu, in dare ya yi masu gadi su riƙa zagaya garke a kan doki suna rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada shanu su firgita su watse. Da yawansu ma baƙar fata ne, silima ce ba ta nuna mana ba. Ka tuna Bafulatanin da ke sauka a gonar Baba bayan girbi, yadda yake busa sarewa shanu na kwance suna tuƙa? To ni ranar da na fara jin yaron nan yana rerawa shi na tuna, sai da idona ya kawo ruwa.

Ni na kai shi Stockyards, tsohuwar kasuwar shanu ta Fort Worth, yana shekara bakwai, inda har yau kullum sau biyu ake kora shanu masu dogon ƙaho a kan titi, daga nan abin ya shige shi. Yanzu yana da aikinsa na ofis, ƙarshen mako ne yake zuwa wasan dawaki da shanu da makarantu, a yi ciniki a biya shi. Ba ya wasa kowa, ba ya bin mai kuɗi da kirari, ba a yi masa liƙi. Gidan giya kuwa ya ce ba zai taka ba, alhali nan ne kuɗin sana'ar yake, ya sha asara a kan haka kuma bai taɓa kawo min ƙorafi ba. Bara cikin tsananin sanyi ya tuƙa mota har Elko ta Nevada, wajen taron mawaƙan makiyaya da ake yi tun 1985, da dardumar sallarsa a bayan mota.

Na san kuma abin da ke ƙasan maganar, uwarsa ce. Shekara talatin ke nan ana ce min na auri bare. Baƙar fata ce 'yar Texas, kakanta kiwon shanu ya yi, ita ta tsaya kan yaran nan suka je islamiyya lokacin da nake aikin dare, miyar kukarta kuma kai ma ka sha ka yi santi.

Hausarsa akwai gargada, ban musa ba, laifina ne. Amma yana durƙusawa ya gaida manya, ba ya kiran sunana. Zuwansa gida na ƙarshe yana buɗe baki aka fashe da dariya ana Bature Bature, har muka dawo bai ƙara Hausa a gaban mutane ba, wannan kam ya yi min ciwo Yaya.

Yana ta tambayata waƙar niƙa da Inna take yi, ni baiti ɗaya kawai na riƙe. Don Allah in ka je wajen Goggo ka ɗauko mana muryarta a waya, ita ce ta rage da ta iya.