Amsa: Yaya za mu yi taron tunawa da yayanmu mai kiɗan coci da DJ?

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Kin ce marigayi yayanku yana kaɗa piyano a majami'a, da dare yana DJ a kulob a nan Jos, ga shi kuma mai zane, dangi sun rabu kan abin da za a ambata.

Shawarata, ku raba taron biyu. Sujadar godiya a majami'arsa, mawaƙan da ya yi aiki da su su raira waƙoƙin da yake so. Amma ki fara ganin fasto, domin kowace ikilisiya da tsarinta, na COCIN daban, na ECWA daban. Daga baya a kama zaure, abokansa DJ su sa kiɗansa, a rataye zanensa a bango. Kada a ɓoye aikinsa na dare kamar abin kunya. Mutanen nan ma kuka suke yi.

Inda ake yawan kuskure shi ne kwamfutarsa da wayarsa. Kada ku bayar ko ku goge kafin a kwafe komai. Waƙar da ya tsara da zanensa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare su shekara 70 bayan rasuwarsa. In wani ya zo da takarda yana son sakin waƙoƙinsa, lauya ya duba kafin kowa ya sa hannu.