Rufus Thomas: mawaƙi ne ko ɗan barkwanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani dattijo baƙar fatar Amurka sanye da gajeren wando, yana rawa kamar kaza a gaban dubban mutane. An ce sunansa Rufus Thomas. Don Allah mawaƙi ne na gaske, ko ɗan barkwanci ne kawai?
Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mawaƙi ne na ƙwarai, kuma ina jin zafin yadda ake ɗaukarsa mai ban dariya kurum.

Ina kyautata zaton bikin waƙoƙi na Wattstax ka gani, wanda aka yi a wani filin ƙwallo a Los Angeles a 1972, lokacin yana da shekara 55. Da ya fara "Do the Funky Chicken", sai jama'a suka tsallake shinge suka cika filin ƙwallon da rawa. Kowa ya san abin da kan biyo bayan irin wannan turmutsutsu. Shi kuwa da lasifika a hannu, da zolaya da lallashi, ya mayar da su kujerunsu. Ba a koyon wannan a rana ɗaya.

An haife shi a 1917 a jihar Mississippi, ya tashi a Memphis. A 1936 ya bi ayarin 'yan wasan Rabbit Foot Minstrels, masu yawo gari-gari suna kafa tanti, yana rawa da barkwanci. Daga baya ya riƙa jagorantar gasar sababbin mawaƙa a titin Beale na Memphis, inda shahararren mawaƙi B.B. King ya taka dandamali tun bai yi suna ba. A 1951 ya shiga gidan rediyon WDIA.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yawancin wannan lokacin yana aiki a masana'antar wanke yadi, fiye da shekara 20, don ya ciyar da iyali. Waƙarsa "Bear Cat" ta 1953 ita ta fara fito da kamfanin faya-fayan waƙa na Sun, amma ta jawo shari'a saboda kamarta da waƙar "Hound Dog", kuma mai kamfanin ya mayar da hankalinsa kan mawaƙi Elvis Presley. A 1960 shi da 'yarsa Carla suka yi waƙar da ta fara ɗaga wani kamfanin faya-fayan waƙa da daga baya ya zama Stax. Sai a 1963, yana da shekara 46, waƙarsa "Walking the Dog", wato yawo da kare, ta shiga sahun waƙoƙi 10 na farko a Amurka.

Gaskiya ne waƙoƙin kare da kaza ba su da zurfin ma'ana, na rawa ne. Amma ka saurari kaurin muryarsa da yadda take faɗawa daidai kan kiɗa, za ka ji gwanin blues ne, wato wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka.

Ya rasu a Memphis a watan Disamban 2001, yana da shekara 84. Akwai titi da sunansa a garin, akwai kuma wurin shaƙatawa da sunansa a Porretta ta ƙasar Italiya.