Muryar Malam Sani a gurup ɗin gida, kan dutsen 2029

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya, na ga bidiyon da kika turo, wanda mutumin ke rantsuwa wai wani dutse zai faɗo wa duniya a 2029, na kuma ga Baffa ya tambaya ko da gaske ne. Ina cikin motar haya ne, mun tsaya cak a gosulo wajen Zuba, sai na ce bari in yi murya, rubutu zai yi tsawo. Ku yi haƙuri da ƙarar hon.

To, dutsen dai akwai shi. Sunansa Afofis, an gano shi a 2004. Amma ba zai daki duniya ba. Abin da ya faru, lokacin da aka fara ganinsa ba a gama sanin hanyarsa ba, sai lissafin farko ya nuna akwai yiwuwar kashi 2.7 cikin ɗari ya same mu a 2029. Nan fa hankali ya tashi. Da aka ci gaba da bin sa ana aunawa, sai aka ga zai wuce. A 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sake auna shi da rada, wato na'urar da ke aika sigina ya daki abu ya dawo, ta ce nan da shekara ɗari ma babu wannan fargabar. Mai bidiyon nan tsohon labari ya ɗauko ya ɗumama mana.

Shi wannan dutsen rana yake kewayawa, kamar yadda duniya take yi. Mu kwana 365 muke yi, shi kuwa wajen 324. Hanyarsa ba da'ira ba ce sosai, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, shi ya sa take gittawa ta kusa da tamu. Kamar mararraba ce. Titi biyu sun haɗu, amma ai sai motoci biyu sun iso lokaci guda kafin a yi karo. Ranar Juma'a, 13 ga Afrilu 2029, za mu iso mararrabar kusan tare, sai dai zai wuce mu da tazarar kilomita wajen 32,000.

Baffa zai ce ai wannan nesa ne. Wallahi a lissafin sama kusa ne ƙwarai. Wata yana can kilomita 384,000. Kai, dish ɗin da ke kan rufin gidan Yaya ma, tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo yana wajen kilomita 36,000 ne. Wato dutsen zai bi ta ƙasa da shi. Saboda kusancin nan, ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa masa hanya, bayan ya wuce shekararsa za ta zarce tamu tsawo.

Sai batun girma, nan ne nake so Abba da sauran 'yan makaranta su buɗe kunne. Ana ƙiyasta faɗinsa mita 340 ne. Ga dutsen Zuma nan ina hango shi ta taga, to ku ɗauka kusan tsayinsa ke nan. Amma ku lura, ƙiyasi na ce. Babu wanda ya je da tef. A na'urar hangen nesa ɗigon haske kawai ake gani, kuma hasken ba nasa ba ne, na rana ne yake mayarwa. Ka haska tocila da dare kan mutum biyu daga nesa, yaro sanye da farar shadda da ƙato cikin baƙar riga, sai ka rantse yaron ya fi girma. Haka duwatsun nan suke, wani baƙi ƙirin kamar gawayi, wani mai haske. Shi ya sa ake haɗawa da rada da kuma auna zafin da yake fitarwa kafin a tsayar da magana. Hanyar dutse ana saninta daram, girmansa ne ke ba da wahala.

Ni in za ku ji tawa, ƙananan da ba a gani ba sun fi ba ni tsoro. Wanda ya fashe a saman garin Celyabinsk na Rasha a Fabrairun 2013 bai wuce mita 20 ba, ya taho ta ɓangaren rana, babu wanda ya hango shi. Mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su, don sun ruga kallon hasken. Mu ma nan gida, a 1962 dutse ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, kilo 18, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito.

Abin daɗin kuma, Afirka tana cikin inda za a iya ganin Afofis da ido, ba na'ura, bayan isha'i, kamar ƙaramin tauraro yana tafiya a hankali. Cikin Abuja fitilu za su hana mu, sai dai mu fita wajen Kwali ko mu hau Jos gun su Inna, in hadarin Afrilu ya bar mu. Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Yaya, don Allah kar ki tura wa gurup ɗin matan Islamiyya. Hanya ta buɗe, sai na iso.