Nutso a Scapa Flow da kayan Bahar Maliya

Malam, ka ce a Bahar Maliya ka koyi nutso, kana tambaya ko kayanka za su yi a Scapa Flow ta Sikotilan. Ba za su yi ba. Ruwan can ko da bazara da ƙyar yake wuce digiri 13. Sai rigar da ruwa ba ya shiga, kuma malami ya koya maka sarrafa ta tukuna, don iska kan taru a ƙafafu ta juya mutum kai ƙasa. Ni karon farko yatsuna ƙagewa suka yi, maɓallin sa wa rigar iska ma ya gagare ni dannawa. Jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a 1919, wasu sun wuce zurfin mita 40, kada ka fara da su. In gaɓoɓi suka kama ciwo bayan ka fito, nemi likitan nutso a garin Stromness da ke kusa da Scapa Flow nan take.